Rabin Tozo

Ƙarfe biyu na rana a Sakkwato,
fanka tana tuƙa zafi kamar tuwo,
ni da tsinkena muna zaune.
Bai kai tsawon ɗan yatsa ba,
'yar roba ce mai zanen gawayi uku a baki,
amma wata goma sha huɗu na kwashe
ina koya masa sunan magani guda.

Ga yadda muke gaisawa da jini:
in ɗiga ɗigo, bai fi ƙwayar dawa ba,
in saki lantarki sannu-sannu,
wanda ko tururuwa ba zai firgita ba.
In magani na ciki, sai ya amsa sallama,
ya miƙo ɗan cajin da ke jikinsa,
layin da ke kwance a allo ya ɗago,
ya yi tozo irin na bijimi, ya koma ya kwanta.
Tsayin tozo, yawan magani.
Iyakar karatun ke nan.

Ran Talata aka kawo na Malam Jabbi,
majemi, wanda ƙanshin bagaruwa bai barin rigarsa.
Ciwon hanta. Wata takwas yana karɓar ƙwaya,
katinsa ko giɓi babu.
Layi ya taso,
ya tsaya a rabi.

Tsinke na fara tuhuma.
Na sauya wani. Rabi.
Na tuhumi firij da wutar da aka ɗauke daren jiya.
Na tuhumi kamfani, ko jabu suka turo,
na daka ƙwaya guda, na narkar, na ɗiga:
tozo ya miƙe har wuya.
Na koma kan jinin. Rabi dai, rabi.

Na same shi a bencin baranda, hula a gwiwa.
Ya ce, "Ɗiyata, wallahi kullum ni ka sha."
Na ce, "Guda, Baba?"
Ya daɗe yana duban tafinsa mai jan rini.

"Da wuƙar fata ni ka raba ta.
Ƙanena Modi shina Wurno,
idonai ya yi ɗorawa kamar nawa bara.
Kuɗin mota babu, kuma shi da layin asibiti ba su shiri.
Nono guda munka raba,
yanzu ƙwaya ce za ta gagara?"

Na rasa ta cewa.
Tsinkena yana jin abin da ido bai gani,
yana ƙirga abin da sikeli ba ya ɗauka,
amma bai san ɗayan rabin
yana can cikin jijiyar wani ba,
a bakin fadama, wajen cirar albasa.
Takardar sakamako kuwa
ba ta da gurbin rubuta ƙane.

Na ce, "Baba, rabin magani makaranta ce ga cuta.
A nan take koyon kauce wa sara.
Ka ba shi rabi, kai rabi,
ita kaɗai ke tashi da ƙoshi."
Bai ce komai ba. Ya sa hularsa.

Likita ta rubuta wasiƙa.
Wa ya biya kuɗin mota, ban tambaya ba.

Bayan wata biyu, sanda hadari ya fara haɗowa ta gabas,
sai ga su, dogo da gajere,
bagaruwa da albasa a ɗaki ɗaya.
Tsinke biyu, ɗigo biyu.
Layi ya tashi, ya tashi, bai tsaya ba.
Na biyun ya bi sawunsa.

Malam Jabbi ya matso da fuska jikin allo,
ya ce, "To, wanne na nawa?"
Sai da na duba lambar kwalba
kafin na iya faɗa masa.